Launin Tsufa ko Rini? Amsoshin Tambayoyinku kan Kwandalar Zinare

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Legas suka zo, kuma kusan dukkansu a kan abu guda ne: kwandalar zinare da launinta ya sauya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su, tunda magana ce ta dukiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana fam shida na zinare masu kan Sarkin Ingila a cikin wani tsohon alabe na fata. Launinsu ya koma ruwan goro, musamman wajen gefe. Na nuna wa wani maƙeri, ya ce zinare na gaskiya ba ya sauya launi, in ba shi ya wanke ya gwada da asid. In bayar?
Daga wata Hajiya, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Kada ki bayar tukuna.

Maƙerin ya ɗauko magana, amma bai kai ta ƙarshe ba. Zinare tsantsa, wato karat 24, iska ba ta cin sa, ruwa ba ya cin sa. Sai dai yana da taushi ƙwarai, don haka kuɗin da aka buga domin ya yi yawo a hannun jama'a galibi ba a yin sa da tsantsa. Fam ɗin Ingila, wanda suke kira Sovereign, karat 22 ne: in aka raba shi gida 12, gida 11 zinare ne, ɗayan kuma jan ƙarfe. Wannan gida ɗayan shi ke sauya launi. Jemammiyar fata tana fitar da tiririn farar wuta da ɗan tsami a hankali, haka ma tsohuwar takarda da ulu da roba. Jan ƙarfen da ke fuskar kwandala sai ya haɗu da su, ya haɗu da iska, wata fata siririya wadda ido ba ya ganin kaurinta ta kwanta a kai. Shekara hamsin ko sittin a cikin alabe, sai ga ruwan goron da kike gani. Masu tara tsofaffin kuɗi wannan launin suke nema ruwa a jallo, domin galibi alama ce cewa ba a wanke kwandalar ba.

Akwai gwajin da ba ya taɓa lafiyar kaya. A ɗora kowace ɗaya a kan sikelin masu zinare mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Fam na asali giram 7.98 ne, wanda ya sha hannu yakan sauko wajen 7.94. Faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa wajen milimita ɗaya da rabi, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Jabun da aka yi da ƙarfe mara nauyi ba zai iya cika nauyi da faɗi da kauri gaba ɗaya ba, dole ɗaya ya tona masa asiri. In kuwa sikeli ya nuna giram 8 cif, ki duba ko akwai lamba 21 ko 875 a jiki. Wannan irin fam ɗin shagunan zinare ne na Jidda da Alƙahira da Dubai, wanda alhazai suka daɗe suna shigowa da shi. Zinare ne mai kyau, karat 21, amma ba gidan buga kuɗin Ingila ya buga shi ba, darajarsa nauyinsa ce kawai.

Sannan ki duba shekara. A bayan kwandalar akwai mahayin doki yana sarar dodo, shekarar tana ƙasa. A fam ɗin Sarki Edward na Bakwai da na Joji na Biyar, in kika sa gilashin ƙara girma a kan ƙasar da dokin ke takawa, daidai saman shekarar, za ki iya ganin ƙaramin harafi. S na nufin Sidni, M Melbon, P Perth, duka a Ostireliya. C na Kanada ne, I na Bombay a Indiya, wanda a 1918 kaɗai aka buga, SA kuma na Pretoria a Afirka ta Kudu. In babu harafi, na Landan ne. Mafi yawansu gama-gari ne, kuɗinsu bai wuce na zinaren cikinsu ba, giram 7.32, da ɗan abin da ba a rasa ba. Amma akwai irin su 1917 na Landan, da 1916 mai C, da 1920 mai S, waɗanda kuɗinsu ya ninka na zinarensu sau da yawa. Saboda tsadar tasu kuma an fi yin jabunsu, sai ƙwararre ya tabbatar.

Wankin maƙeri na sarƙa da awarwaro ne: a ɗumama, a tsoma a ruwan tsami, a bi da burushin waya, a goge. A jikin kwandala wannan aikin yana kwashe launin shekaru sittin cikin minti biyar, ya bar ta fara ƙwal da dubban ƙananan karce. Gwajin asid kuwa sai an goga gefenta a dutse ko an sa mata zarto. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. In har sai an san karat, a nemi mai na'urar da ke haska ƙarfe ta karanta ba tare da an karce shi ba.

Tambaya: An kawo mini dala 20 ta zinare ta Amurka, bugun 1904. Fuskarta shuɗi-shuɗi da ruwan hoda mai duhu, abin sha'awa. Mai ita ya ce launin tsufa ne, don haka ya ɗora kuɗi mai yawa a kan farashin zinarenta. Yaya zan gane na Allah da na hannu?
Daga wani ɗan canji, Ikeja.

Amsa: Alhaji, tun daga launin da ka faɗa muka fara ɗar-ɗar. Wannan kwandala giram 33.44 ce, kashi 90 cikin 100 zinare, 10 jan ƙarfe. Irin wannan haɗin in ya tsufa da kansa, launukan da yake bayarwa 'yan kaɗan ne: rawaya mai zurfi, ruwan goro, ja-ja irin na jan ƙarfe, wani lokaci ɗan kore-kore mara ƙarfi. Shuɗi da launin bakan gizo na azurfa ne, domin ita ce ke saurin kama farar wuta. A jikin zinare ba a cika ganinsu ba sai an sa hannu. Ƙari a kan haka, bugun 1904 na gidan buga kuɗin Filadelfiya ya haura guda miliyan 6, yana cikin waɗanda suka fi yawa a irinsu, saboda haka ba kwandalar da za a tsawwala wa kuɗi ba ce sai in lafiyarta ta fita daban.

Masu rini hanyoyinsu sanannu ne. Wasu wuta suke nuna mata har jan ƙarfen ya ƙone ya yi launi. Wasu aidin suke shafawa, wanda ke ba da ja mai ruwan goro. Wasu turara ta suke yi da abin da ke da farar wuta, ko hayaƙin taba. Akwai kuma masu cike karce da wani irin danƙo ko kakin zuma, su bi da launi a sama. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, da wuya a rina lafiyayyar kwandala. Galibi an wanke ta ne ta yi fari, ko tana da rauni, ake so a rufe. Don haka kada idonka ya tsaya a kan launi, abin da ke ƙarƙashinsa za ka nema.

Ga yadda ake dubawa. Ka shiga ɗaki ka kashe fitilu, ka bar ƙwan fitila guda ɗaya a saman tebur. Hasken rana da doguwar fitilar ofis suna ɓoye karce. Ka shimfiɗa tawul mai taushi saboda faɗuwa, ka riƙe kwandalar ta gefe da yatsu biyu, ka ɗan karkata ta kana juyawa a hankali. Wadda ba a taɓa gogewa ba, haske yana zagaya fuskarta kamar fukafukan fanka. Wannan sheƙin daga bugu yake: lokacin da hatimin ƙarfe ya danne ta, zinaren yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar layuka ƙanana da ke karya haske. Launin tsufa ba ya kashe wannan sheƙin, ta cikinsa ake hango shi. Wuta da asid da goga suna kashe shi, kuma in ya mutu ba mai dawo da shi. Kwandalar da zanenta bai lashe ba, gashin matar da fukafukan mikiyar da aka zana a jikinta duk a tsaye, amma fuskarta a dushe, ko kuma tana walƙiya irin ta madubi ba tare da hasken ya zagaya ba, an taɓa ta.

Daga nan ka ɗauko gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, ka bi inda launin ya kwanta. Na tsufa yana da tsari. Ya fi zurfi a lungunan da hannu ba ya kaiwa: tsakanin haruffa, kewayen taurari, gindin gefe. A wuraren da suka fi tudu, kamar kumatu da saman gashi, ya fi haske, domin nan ne yatsu da aljihu ke shafa. Yana kuma tafiya daga mai duhu zuwa mai haske sannu a hankali, ba ka iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Rini bai san tudu da kwari ba. Yakan hau kumatu da fili da haruffa da kauri ɗaya, ko ya yi dabbare-dabbare, ko ya bar zobe inda ɗigon ruwan maganin ya taru ya bushe. Na wuta yakan yi shuɗi da hoda a ɓangaren da harshen wutar ya fi lasa, ya yanke farat ɗaya.

Sai karce. Ka ci gaba da juya ta ƙarƙashin fitilar har ka ga ko wasu siraran layuka masu bin hanya ɗaya za su haska su ɓace. In suna hawa kan haruffa da fuskar hoton su wuce, sawun goga ne. Akwai wasu layukan da ke ruɗar sabon shiga, waɗanda daga gidan bugu suke saboda an goge hatimin kansa. Su a tashe suke, ba a nutse ba, kuma suna tsayawa a gindin harafi su ci gaba a ɗaya gefen. In ka ga sawun goga a ko'ina, kuma launi ya lulluɓe shi, to an wanke ne sannan launin ya biyo baya. Danƙon cike karce kuma yakan bar wani hazo fari-fari ko toka-toka a fili gaban fuska ko a kumatu, daidai inda karce ya saba zama. Sabo-sabo ba ya nunawa sosai, bayan watanni yake fitowa, lokacin kuɗinka sun riga sun tafi.

Ka shinshina ma. Warin asibiti, warin ashana ko na taba duk alamar rini ce. In kuma mai kayan yana da wasu, ka ce ya kawo. Kwandala huɗu masu shekaru daban, daga ƙasashe daban, a ce duk launinsu iri ɗaya sak, wannan hannu ɗaya ne ya yi su.

Akwai gwajin asiton, wato ruwan sinadarin nan mai narkar da jan farce, in mai kaya ya yarda. Yana narkar da kaki da danƙo da maiƙo da hayaƙi, amma ba ya taɓa launin tsufa. Sai dai a lura: launin da aka yi da wuta ko farar wuta shi ma asiton ba ya cire shi, domin ta fuskar sinadari abu ɗaya ne da na tsufa, gaggawa ce kawai ta bambanta su. In launi ya fita, ka kama rini. In bai fita ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Wannan ne ya sa ko manyan masana sukan saɓa a kan kwandala guda.

Shawararmu a kan wannan cinikin: ka auna nauyi da faɗi, milimita 34 ne, ka tabbatar zinare ce, ka saya a kan kuɗin zinarenta, giram 30.09. In ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Tambaya: Na sayi kwandalar zinare ta Maple Leaf ta Kanada a Dubai, an rubuta 9999 a jiki. Yanzu wasu ɗige-ɗige ja sun fito mata. An cuce ni ne?
Daga wani matashi, Idi-Araba.

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Jan ɗigo sananne ne ko a zinare mafi tsafta. A gidajen bugu ana aikin azurfa da na zinare a wuri guda, sai ƙurar azurfa ko ta jan ƙarfe, wadda ido ba ya gani, ta faɗa kan zinaren kafin a buga, hatimi ya danne ta ciki. Bayan watanni ko shekaru ƙurar nan ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska, ta yi ja ko ruwan ƙasa, launin ya ɗan bazu kewaye da ita. A tsofaffin kwandaloli masu karat 22 ko kashi 90, ɗigon yakan fito ne inda jan ƙarfe bai gauraya sosai ba. Iskar Legas tana gaggauta abin. Ba ya rage nauyi, ba ya rage karat. Ka auna: oza ɗaya giram 31.10 ce, faɗin Maple Leaf milimita 30. Wasu maƙera sukan ƙone ɗigon da wuta. Ba ma ba da shawarar haka, domin karat 24 yana da taushi, matsewar hantsaki kaɗai ta isa ta bar tabo.

Wanda ya fi jan ɗigo hatsari shi ne farin tabo mai kama da azurfa. Wannan sau da yawa zaiba ce. Tana fitowa daga fasasshen ma'aunin zafin jiki, da kuma wasu mayukan bilicin da ake zuba mata a ciki. Zaiba tana narkewa cikin zinare ta ci fuskarsa. Kada a gwada korar ta da wuta a gida, tiririnta guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Tambaya: To wai launi yana ƙara kuɗi ne ko yana ragewa?
Daga wani mai shago, Mile 12.

Amsa: Ya danganta da kwandalar da kuma mai saye, Malam. A Yaba ko Idumota sikeli ke magana: giram nawa, karat nawa, shi ke nan. Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara bugawa a 1967, dama ja-ja take tun daga gida saboda jan ƙarfe kaɗai aka gauraya mata. Eagle ta Amurka, mai nauyi ɗaya da ita, giram 33.93, ta fi ta rawaya domin an sa mata kashi 3 na azurfa. Duka biyun oza ɗaya ta zinare ke cikinsu, kuma launi ba ya ƙara musu ko kwabo. Duk wanda ya ce ka biya ƙari saboda Krugerrand ta yi ja, yana sayar maka da abin da kowace irinta ke da shi.

A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi ta ƙasashen waje kuwa, lafiyar fuska ita ce kuɗin. Misalin da ya fi shahara shi ne na Boscoreale a Italiya, kusa da Pompeii. A 1895 aka tono kwandalolin zinare na daular Rum fiye da dubu a can, waɗanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Zafi da tiririn dutsen sun ba da yawa daga cikinsu wani ja mai duhu, kuma har yau ana biyan ƙari a kansa. Saboda ƙarin nan ne ma wasu ke gasa tsofaffin kwandalolin Rum don su yi kama da su.

Kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, su ne aka fi yarda da hukuncinsu. Suna ba kwandala maki daga 1 zuwa 70 su rufe ta a cikin kwanson roba mai lamba. Wadda suka ga an taɓa, sukan tabbatar ta gaske ce amma su hana ta maki. A tsarin PCGS lamba 91 na nufin ana shakkar launin, 92 an wanke, 94 an yi wa fuskar kwaskwarima. Kwandala mai wuyar samu in ta faɗa wannan layin, kuɗinta yana faɗuwa ƙwarai. Kwanson ma ana yin jabunsa, don haka a shigar da lambar a shafin kamfanin na intanet, a gwada hoton da ya fito da abin da ke hannu, tabo da tabo.

Tambaya: Ina ajiye nawa a cikin durowar kaya tare da turaren wuta da humra, a naɗe cikin auduga da robar ɗaure kuɗi. Akwai matsala?
Daga wata uwargida, Obalende.

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma robar ce ta farko. Robar ɗaure kuɗi da farar wuta ake sarrafa ta, tana iya barin baƙin layi a inda ta daɗe. Hayaƙin turare kuma maiƙo ne, yana kwanciya a fuskar zinare ya riƙe ƙura da danshi. Ba zai cinye kwandalar ba, amma zai dusashe ta, kuma mai saye da ya san kaya zai yi zaton an turara ta ne da gangan.

Legas ba ta yi wa ƙarfe adalci. Laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, ga gishirin teku ga duk wanda ke zaune a Tsibiri ko Apapa ko Ajah, ga hayaƙin janareta, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga kwatami da bakin ruwa, wanda shi kansa tiririn farar wuta ne. Abin da zai ɗauki shekara talatin a Kano ko Agadas, a nan ba ya kai haka, kuma sau da yawa tabo yake bayarwa maimakon launi mai kyau.

Kowace kwandala a ba ta kwansonta na roba mai tauri, daidai faɗinta, kada ta riƙa karkaɗawa a ciki. Biyu a wuri ɗaya suna karce juna. A guji 'yar leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki, PVC ce. A zuba kwansunan cikin mazubi mai murfin da ke toshe iska, a sa ƙunshin silika, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani. Giram 20 zuwa 30 ya ishi mazubin lita ɗaya ko biyu. An fi son mai sauya launi in ya ƙoshi da ruwa. Burin shi ne laimar cikin mazubin ta tsaya ƙasa da kashi 50. A duba shi duk wata biyu, da damina kuma duk wata, musamman Yuni da Yuli. In ya ƙoshi, a juye ƙwayoyin a faranti a gasa a obin mai zafin digiri 110 zuwa 120 na awa biyu, a bar su su huce a rufe, a mayar. Akwatin ƙarfe mai hana gobara yana riƙe danshi a cikinsa, saboda haka ko a nan za a ajiye, sai da mazubin da silikar. Jarida, kwali, ulu da fata duk a nisanta su.

Wajen ɗauka, a wanke hannu a shanya, a riƙe ta gefe. Gumin yatsa yana da gishiri da tsami, in ya kwana biyu a fuskar kwandala zanen yatsan yakan zauna daram. Kada kuma a yi magana a kanta tana buɗe, feshin yawu yana zama ɗigo bayan watanni.

Tambaya: Ni maƙeri ne, ina koyon aiki. Masu saye sun fi son kwandala mai kamar tsohuwa. Ku koya mini yadda ake ba ta launin.
Daga wani saurayi, Yaba.

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka, ɗanmu, amma wannan ba za mu koyar ba. Ba wa sarƙa launi, mai ita ya sani kuma shi ya nema, ado ne. Ba wa kwandala launi domin mai saye ya zaci shekaru ne suka yi shi, algus ne. Hadisin mai hatsin nan sananne ne, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ta fuskar sana'a ma asara ce. Aidin yana cin zinaren kansa, kuma launinsa ba ya tsayawa inda aka bar shi, yana ci gaba da duhu. Wuta tana kashe sheƙi. Abin da zai ɗaga ka a kasuwa shi ne ka iya duba kwandala ka ce wannan an taɓa, wannan ba a taɓa ba, kuma ka iya ce wa mai kaya kada a wanke. Masu wannan idon ba su da yawa a Legas.

Tambaya: Na riga na goge ɗaya da man goge baki. Wata kuma ta yi wani kore mai danƙo a cikin ledarta. Me ya rage?
Daga wani malamin makaranta, Alaba Rago.

Amsa: Malam, wadda aka goge sai haƙuri. Man goge baki yana da gari mai kaifi, haka toka da hodar wanke tukunya, kuma karcen da suka yi ba ya gyaruwa. Zinarenta yana nan, nauyinta ma kusan duka. A sa ta a kwanso a ƙyale ta, in an tashi sayarwa a faɗa wa mai saye an goge.

Mai koren kuwa tana da magani, domin datti daban, launi daban. Datti a sama yake zaune. Zinaren jirgin ruwan Central America, wanda ya nutse a 1857, ya yi shekara 130 a ƙarƙashin teku, ya fito lulluɓe da tsatsar ƙarfen jirgin, amma da ƙwararru suka narkar da tsatsar ba tare da goga ba, kwandaloli da yawa sun fito da sheƙinsu na ranar bugu. Koren naka maiƙon ledar PVC ne da ya tsatso ya fara cin jan ƙarfe, kuma gara a cire shi da wuri.

A nemi asiton tsantsa daga masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Na cire jan farce bai yi ba, yana da turare da mai. A zuba a ƙaramin kofin gilashi, ba na roba ba, daidai yadda zai rufe kwandalar. A yi aikin a waje ko bakin taga, nesa da risho da janareta da sigari, domin tiririnsa yana kama wuta nan take. A rufe kofin da faranti, a bar ta minti 10 zuwa 15, a ɗan jujjuya kofin a hankali. A ɗauko ta ta gefe, a mayar cikin sabon asiton a wani kofin na minti biyu, don kada dattin da ya narke ya sake bushewa a kanta. A jingine ta a tsaye a kan tsumma mai tsafta ta bushe da kanta, ba a gogewa ko da auduga. In kore ya rage a lungun haruffa, a maimaita jiƙon, kada a sa tsinke ko allura. Ruwan bilic na wanki, lemon tsami, kanwa da ruwan batir kada su kusance ta. In bayan an cire koren aka ga ƙananan ramuka a wurin, ledar ta riga ta ci, a tsaya nan. In kuma shekararta ko harafinta na cikin masu wuyar samu, ko asiton ɗin ma a dakata har wanda ya san kaya ya gani.